Gyaran Wata Tsohuwar Fijo Maras Rufi

Da wuya a sami mutumin ƙasar nan da ya mallaki hankalinsa wanda bai san motar Peugeot 504 ba, wadda mu muke kira Fijo. In bai taɓa shigarta ba, to ya taɓa ganin ana yi mata lodi a tasha, mutum biyu a gaba ban da direba, buhuna a but har murfin ya ƙi rufuwa sai an ɗaure shi da igiya. A shekarar 1968 aka fito da ita a Faransa, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sa'an nan daga 1975 aka shiga haɗa ta a Kaduna, ba a daina ba sai 2006. Watau ta yi shekara talatin da 'yan kai tana fitowa daga Kakuri, har ta zama 'yar gida, ba mai tuna cewa baƙuwa ce.

Amma akwai wata 'yar'uwarta da ba kowa ya taɓa sa ta a ido ba. Ita ma 504 ce a suna, sai dai ƙofa biyu gare ta, ta fi waccan gajarta da kwanciya a ƙasa, kuma ba ta da rufin ƙarfe, sai na tamfol wanda akan naɗe shi ya kwanta a bayan kujeru, mutum ya yi ta tafiya sama a buɗe kamar mai sukuwa. A watan Maris na 1969 aka nuna ta a bikin baje kolin motoci na Geneva. Wani kamfanin Italiya mai suna Pininfarina shi ya zana ta, shi kuma yake ƙera gangar jikinta kusa da birnin Turin, amma inji da giya da ƙafa duk na Peugeot ne daga Faransa. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.55 ne, alhali na wadda muka sani mita 2.74 ne, watau an rage mata santimita 19. Daga 1969 zuwa 1983 da aka daina yin ta, dubu takwas da 'yan kai kawai aka yi, alhali kuwa 504 gaba ɗaya an yi fiye da miliyan uku. Wanda duk zai ce ai Fijo ba motar tsere ba ce, to ya sani tagwaiyar wannan, mai rufin ƙarfe da inji mai silinda shida, ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1978.

Irin wannan mota ce ta faɗo hannun kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da talatin yana kanikancin Fijo a Kano. 'Yar 1972 ce, shekarar da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi, mai fitilu huɗu a gaba da uku-uku a karkace a baya. Wani Bature da ya yi aiki a Bompai ya sayar wa wani tsohon abokin cinikin Kawu sa'ad da zai koma gida, shi kuma ya hau ta 'yan shekaru, ya ajiye ta a gindin mangwaro a bayan gidansa. Da Allah ya yi masa rasuwa, magada suka duba suka ga Kawu yana binsa bashin gyare-gyare, suka ce ya ɗauki motar a bakin kuɗinsa. Kowa ya ji sai ya ce an cuci Kawu, an ba shi gidan ɓeraye a madadin kuɗi.

Ya kamata mai karatu ya san halin da garejin yake ciki a lokacin, don shi ne ya sa wannan aiki ya wuce wasa. Fijo ta yi ƙaranci a titi, motocin yanzu kuwa sai an jona musu kwamfuta su faɗi ciwonsu, Kawu kuma da kunne da tafin hannu ya iya bincike. Yaransa huɗu, uku sun koma tuƙin adaidaita sahu. Idonsa ya soma raunana, ga kuɗin hayar fili yana ƙaratowa. Duk da haka ya sayar da wata tsohuwar akori-kura da yake taƙama da ita, ya ce kuɗin na wannan mota ne, ko ta fisshe shi ko ta cinye ɗan abin da ya rage. Ni kuwa yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya same ni a gida ba aikin fari ba na baƙi. Mahaifiyata ta ce in tafi in riƙa miƙa wa ɗan'uwanta sifana, in karanta masa abin da idonsa ba ya gani. Malamanmu za su gafarce ni in na ce zangon karatu guda na yi a ƙarƙashin mota, ba rajista ba jarrabawa.

Inji bai ba mu wuya ba. Mai silinda huɗu ne, jinin waɗanda Kawu ya sha kwancewa ido rufe, cikin mako biyu ya tashi. Aikin gaske yana ƙafa da ciki.

In bakanike ya ce ƙafa, ba taya kaɗai yake nufi ba. Yana nufin duk abin da ke tsakanin taya da gangar mota: sifirin, da shakazoba, da hannuwan ƙarfe masu riƙe taya, da robobin da ke gaɓoɓinsu waɗanda ake kira bushin. Amma kafin Kawu ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, sai ya yi wani abu da ban taɓa ganin ya yi wa wata mota ba. Ya sa jak a kusurwa ɗaya ya ɗaga, ya ce in buɗe ƙofa in rufe. Ya sauke, ya koma wata kusurwar, na sake buɗewa na rufe, har kusurwa huɗu. Na ce, "Kawu, me ya haɗa ƙofa da ƙafa?" Sai ya aiki yaro ya sayo kwalin sukari, ya ce in murɗa shi. Na murɗa, ya ƙi. Ya yanke saman kwalin da reza ya ce in sake, sai ga shi yana lanƙwasa kamar ganye. Ya ce, "To ka ga motarka. Rufi ba don rana kaɗai aka yi shi ba, shi ke ɗaure mota. Wadda ba ta da shi, duk ƙarfinta yana dokin ƙofa da daɓen ƙasa. In tsatsa ta ci nan, ko ƙafar zinariya ka sa mata aikin banza ne."

Allah ya taimake mu, ƙofofin suka rufu lafiya a kowace kusurwa. Busasshiyar iskar Kano ta yi mata rana, don da a bakin teku ta yi wannan zama da sai dai a kwashe ta da shebur. Wuri ɗaya ne ya ruɓe, daɓen gaban kujerar fasinja, inda ruwan damina ya riƙa shiga ta yagaggen tamfol, kafet ya shanye ya riƙe. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗora sabon ƙarfe mai kaurin na asali, muka shafe shi da jan fenti sama da ƙasa.

Sa'an nan muka sauke ƙafar gaba. Tsarinta shi ne wanda ake kira MacPherson, watau shakazoba a tsaye cikin sifirin, su biyun a haɗe kamar takobi da kube. Mutane da yawa, har da direbobi, suna ɗauka shakazoba ne ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shi ke lotsawa in an faɗa rami, amma halinsa shi ne in ya lotsa ya miƙe ba ya tsayawa, sai ya yi ta lilo. Aikin shakazoba shi ne ya kashe wannan lilo. Mai ne a cikinsa, da sanda mai kai kamar na famfo, kan kuma yana da 'yan ƙananan ƙofofi. Duk motsin da taya ta yi sai an tura man nan ta cikin ƙofofin, ƙarfin tsallen ya ƙare a nan, ya zama zafi. Shi ya sa in ka taɓa shakazoba bayan an bi hanya mai gargada za ka ji shi da ɗumi. In ya mutu, taya takan riƙa barin ƙasa tana dawowa, tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki ba ta jin sitiyari.

Na gaban irin na da ne, wanda ake buɗewa a gyara. Da muka zazzage man, sai ga shi baƙi ƙirin, na ɗaya ɓangaren ma bai cika kofin shayi ba. Kawu ya wanke komai da kananzir, ya sa sababbin robobi, ya auna mai da kwalba ɗaya don kada wani ɓangare ya fi wani ko da cokali. Matse sifirin kuwa shi da kansa ya yi, ya kore mu gefe, ya ce ya san wani abokin sana'arsa da sifirin ya kufce masa ya zubar masa da haƙoran gaba. Na baya ba a buɗe su, sai muka sayi sababbi guda biyu, ko da yake ɗaya ne ya mutu sarai, don ba a sa wa mota sabon takalmi a ƙafa ɗaya.

Wajen neman kaya ne na gane amfanin zumunci. Motar da ba a yi dubu tara irinta ba a duniya, sai ga mu muna samun kayan ƙafarta na gaba a Ƙofar Ruwa, abin da ya gagara kuma Kawu ya buga waya Panteka ta Kaduna a sako shi a mota. Albarkacin 'yar'uwarta ta Kakuri take ci. Amma a nan ɗin ne kuma tarkon yake, gama kama da wane ba ta wane. Ƙafar bayan tamu kowace taya da hannunta, ɗaya na iya faɗawa rami ɗaya ba ta sani ba. Ita kuwa wagon da akori-kura gatari ɗaya ne ya haɗa tayoyin baya, wagon ma sifirin bibbiyu gare ta a kowane gefe, saboda don kaya aka yi ta. Wani mai shago ya yi ta lallashin Kawu ya sa mata sifirin mai tauri irin na motocin haya, ya ƙara da roba a ƙarƙashi don ta ɗaga. Ya ce, "Baba, hanyoyinmu ka sani. Wannan in ba ka ɗaga ta ba, cikinta zai riƙa shafar ƙasa." Maganarsa ba ƙarya ba ce, haka ake yi wa motocin tasha, kuma yana yi musu amfani.

Kawu ya ƙi. Dalilinsa shi ne na kwalin sukari. Duk dukan da sifirin ya ƙi shanyewa, jikin mota ne zai sha, jikin da ba shi da rufi kuwa ba zai jure ba: gilashin gaba ya riƙa rawa, ƙofofi su soma kuka, walda ta soma buɗewa. Bayan haka, in ka ɗaga bayan mota mai irin wannan ƙafa, tayoyin sukan sauya tsayuwa, su daina taka ƙasa da dukan faɗinsu, sai ranar da aka shiga kwana da gudu bayan ya nemi wuce gaban. Saboda haka tsofaffin sifirin ɗinta muka ciro, muka jera su a kan benci, na auna tsawonsu da tef ina faɗa masa lamba. Na hagu da na dama suka zo daidai, ba tsaga ba karaya. Muka kankare tsatsa, muka yi musu fenti, muka mayar da su inda suka shekara hamsin.

Haka kuma ya ƙi bushin da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota, ko da yake shi kansa ya sha sa wa motocin haya irinsa in mai mota ba shi da hali. Ya ce taurin robar ma awo ne, wanda ya zana ƙafar ya san iyakar motsin da ya bar wa kowace gaɓa. Tsofaffin duk sun bushe sun tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, zafi da shekaru sun cinye su ko da motar ba ta tafiya. Mako uku muka yi muna jiran na hannuwan baya. Da suka zo aka sa, sai ya bar notocin a sake, ya sauke motar a kan tayoyinta, ya ce in shiga in zauna a kujerar direba. Aikina ke nan a wannan rana, zama. Shi kuma ya shiga rami a ƙarƙashi yana ɗaurewa. Hikimar ita ce, in ka ɗaure bushin mota tana rataye a jak, da zarar an sauke ta robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, ba za ta yi shekara ba ta yage. Kanikawa nawa ne suke tsallake wannan don sauri, mai mota ya dawo bayan wata shida yana zagin masu sayar da kaya?

Tayoyin da muka tarar zanensu bai ci ba, har yaron garejin yana cewa a bar su. Kawu ya ce in karanta masa lambar da ke gefensu. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ake sawa, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Namu uku ne, watau sun girme ni. Muka ba masu yin takalma da guga.

A matsayina na ɗalibin Hausa, kunnena bai huta ba a wannan gareji. Bahaushe ya ɗauki mota ya raba mata gaɓoɓi irin nasa, ga ƙafa, ga ciki, ga hanci, ga hannu, har takan yi tari, ta yi kuka, ta mutu, a tashe ta. Abin da bai sami sunansa a jikinsa ba sai ya ara, amma ba ya barin baƙon da kayan da ya zo da su. Dubi shakazoba da sifirin da sitiyari, kowanne an raba masa baƙaƙen da suka cunkushe, an sa wasali a tsakani, an ƙara masa wani a ƙarshe inda ya cancanta. Gatari kuwa, a ganina, fassara ce ta kunne, don sunan wannan ƙarfe a Ingilishi ya yi kama da sunan gatarin sara a harshen. Na cika rabin littafi da irin waɗannan kalmomi, da yawansu ban gan su a ƙamusun da muke amfani da su ba, kuma masu faɗinsu tsufa suke yi. Ga aiki nan ga mai neman abin rubutawa a kundin digiri.

Da muka juyo kan ciki, sai na ga kamar an sauya mini kawu. Mutumin da ya hana a ƙara ko a rage santimita ɗaya a ƙafa, shi ne ya tsaya ya dubi kujerun ya ce ba zai mayar da su yadda suke ba. Baƙar leda ce a kansu, ta fashe, soson ciki ya zama gari, ɓeraye sun yi ɗaki a kujerar baya. Ya ce, "Wanda ya zaɓi baƙar leda bai san watan Afrilu a Kano ba." Gaskiya ne, a garin da zafi kan haura digiri 40, motar da ke tsayawa sama a buɗe in aka sa mata baƙar leda an yi tanda, ba kujera ba.

Ni na kawo shawarar jar fatar akuya, irin ta Sakkwato, wadda tun zamanin ayari ake ketare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Muka je wurin wani tsohon baduku a cikin birni. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ɗauko jar fata ɗaya, ya jiƙa farin ƙyalle ya goga, ya miƙo mini. Ƙyallen ya yi ja. Ya ce, "Ɗana, wannan jimar bagaruwa ce, ta fi kowace kyau a jaka da titimi da linzami. Amma ka sa ta a kujera, mutum ya zauna da farar riga yana gumi, da wane ido za ka dube shi in ya tashi? Kuma akuya nawa za ka yanka? Kujera ɗaya sai ta zama faci goma." Shawararsa ita ce a nemi ƙirgi na jimar masana'anta, wanda launinsa ba ya zuba, a yi kujeru da shi, jar fatar kuma a ajiye ta inda hannu ke taɓawa ba inda baya ke jingina ba. Samun ƙirgin ya fi samun bushin wuya, don fatar shanu a ƙasar nan tukunya take tafiya, ganda ta fi jima kawo kuɗi da sauri. Da ƙyar ya haɗa mana guda uku masu launi ɗaya a Ƙofar Wambai, ruwan ƙasa mai haske.

Mai kushin, wani saurayi da bai girme ni da yawa ba, shi ya yi ɗinkin. Bai yage tsofaffin rigunan kujerun ba, sai ya farke su zare-zare, ya shimfiɗa kowane ƙyalle a kan takardar buhun siminti ya zana, ya sa masa lamba. Ta haka layukan ɗinkin suka fito daidai da na Italiya, ba a ƙara ba a rage ba. Soso iri biyu ya sa, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, ya ƙara tudu kaɗan a gefuna don kujera ta riƙe mutum a kwana. Shi kuwa tsohon baduku, da basilla da hannunsa ya naɗe sitiyari da jar fata, ya yi wa sandar giya da birkin hannu riga, bayan ya shafe fatar da kakin zuma ya goge har ƙyalle ya daina ɗaukar launi. Kwana huɗu ya yi a kan sitiyarin kaɗai, ba ya ɗinki sai da hasken safe. Kafet kuwa ba mu manna shi da gam ba, maɓallai muka sa, don in ruwa ya shiga a cire a shanya, kada abin da ya ci daɓen farko ya ci na biyu. Ɗamarar kujera sabuwa muka saya, wannan ba a yi mata kwaskwarima.

Rufin ne ya ƙure haƙurin kowa. Ƙarafansa kamar na laima suke, gaɓa a kan gaɓa, duk sun cije, muka yi kwanaki muna ɗiga musu mai muna motsa su kaɗan-kaɗan, don in ɗaya ya karye ba inda za a same shi. Masu ɗinkin rumfar biki suka yanka sabon tamfol a kan zanen tsohon, suka sa leda mai gani a baya. Da tsakar rana aka ɗaura shi, lokacin da zafi ya sa ya saki, don in ya huce ya ɗame kamar fatar kalangu. Sau uku ana cirewa ana gyara kusurwar hagu kafin ta daina tara ruwa.

Ana cikin wannan sai ga wani dillali, irin masu bin gari-gari suna sayen tsofaffin motoci don masu tara su a Legas da ƙasashen waje. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi ya yaba, da ya ga kujerun sai ya riƙe baki. Ya ce, "Baba, ka zubar da kuɗi da hannunka. Masu sayen irin wannan so suke su gan ta yadda ta fito daga kamfani, ko da a yage. Baƙar ledar nan da ka cire ta fi fatarka daraja a wurinsu." Ya faɗi abin da zai biya, ya kuma faɗi abin da da zai biya in da ba a taɓa cikin ba, tazarar kuwa ta isa hayar garejin ta shekara. Na dubi Kawu na ga maganar ta shige shi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ƙafa na bi Bature, don shi ya san nauyin da ya ɗora mata, kuma rai ne a kai. Kujera kuwa ni na san ranar da za ta sha."

Ba na cewa dillalin ya yi ƙarya. Kasuwar haka take, kuma akwai hujja a cikinta, don abin da aka yi dubu takwas kacal, in kowa ya sauya nasa yadda ya ga dama, wata rana ba za a san kamanninsa na asali ba. Amma ni ina bayan Kawu, saboda na ga yadda ya yi sauyin. Bai yanke ƙarfen kujera ba, bai huda sabuwar ƙofa ko ɗaya a jikin motar ba, duk abin da muka sa ana iya cire shi cikin yini biyu. Waɗanda nake jin haushinsu su ne masu yin akasin haka, kuma su suka fi yawa a titunanmu: a zuba kuɗi a fenti da rediyo da fitilu masu walƙiya, ƙafa kuwa a ɗaure ta da waya da robar taya, a ɗebi iyali a hau babbar hanya.

Ranar wata Asabar a farkon Oktoba, bayan sallar asuba, muka fita gwaji ta hanyar Zariya, muka karkata wajen Tiga. Kawu ya ce ni zan tuƙa, shi kunne zai sa. Muka naɗe rufin, sanyin ƙarshen damina yana dukan fuska, dawa ta yi kai a gonaki hagu da dama. Da muka iso wani wuri mai gargada na rage gudu, ya ce kada in rage. Motar ta lotsa sau ɗaya ta miƙe ta zauna, ba lilo, sitiyari bai fizge ba. Ya sa tafin hannunsa a kan ƙarfen gilashin gaba ya rufe ido, muka yi tafiya mai nisa a haka bai ce uffan ba. Can sai ya ce in tsaya, ya fita ya taɓa shakazoba huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya ce na bayan dama ya fi sauran ɗumi kaɗan, a sa masa ido. Akwai kuma wani ɗan ƙara da ke fitowa daga bayan dashbod in an haura kilomita 80, wanda ni ban ji ba sai da ya nuna mini.

Mako biyu bayan haka aka janye yajin aiki, na tattara littattafaina na dawo makaranta da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Kawu bai sayar ba, bai kuma ce ba zai sayar ba. Masu bukukuwa sun gano ta, sukan yi hayarta don ɗaukar hoton ango da amarya, da sharaɗin shi zai tuƙa kuma ba mai zama a kan ƙofa, abin da ke shigowa ta nan shi ke biyan hayar fili. Dillalin yakan bugo waya lokaci-lokaci. Tsofaffin rigunan kujerun, da takardun simintin da aka zana su a kai, da yagaggen tamfol, suna cikin buhu a rataye a rufin garejin inda ɓera ba ya kaiwa, Kawu ya ce duk wanda ya sayi motar da buhun zai tafi. Ƙaran dashbod ɗin kuwa mun kwance wurin sau biyu a hutun da ya wuce ba mu kama shi ba, ya ce in na zo hutu mai zuwa in taho da tocila mai haske sosai.